Albashin Taimane

“Baba, so nake ka riƙa biya na albashi.”

Baba Peniamina bai juyo ba. Ya ci gaba da juya panikeke a cikin mai, dunƙulallen fanken nan da mutanen unguwar Mangere ta birnin Auckland suke yi wa layi a shagonsa tun gari bai gama wayewa ba. Sai da ya tsame na kaskon kaf ya zube a kwando, sannan ya ce,

“Me kika ce? Ƙarar mai ta hana ni ji.”

Ya ji sarai. Duk ranar da Baba ya ce bai ji ba, dama ce yake ba mutum ya janye maganarsa tun da sauran mutunci. Taimane ta san haka, amma ba ta janye ba. Ta goge fulawar hannunta a jikin zane.

“Albashi, Baba. Irin na ma'aikata. Ya shiga banki da sunana, a cire haraji, a ba ni takarda.”

“Ma'aikata...” Ya ajiye matsamin a hankali. “Yunwa kike ji a gidana?”

“A'a.”

“Tsirara kike yawo?”

“Haba Baba...”

“Motar da ke ƙofar gida wa yake hawa? Gwangwanin biskit ɗin da ake zuba kuɗin ciniki a ƙarƙashin kantar shago, na taɓa sa masa kwaɗo? Kin taɓa zura hannu na ce nawa kika ɗauka?”

“Ba ka taɓa ba.”

“To bare ake biya, Taimane. Ana biyansa ne don a sallame shi, kowa ya kama gabansa. Ni ban haife ki don in sallame ki ba.”

Idanunta suka kawo ruwa. Ba son kuɗi ya sa ta ba, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne Baba ya san da haka. Mijinta take so ya zo.

Lafaele sunansa, kafinta ne a ƙauyensu can tsibirin Savai'i, a Samoa. Sun haɗu ne lokacin da ta raka Gwaggo Sesilia gida wani biki, aka kira shi gyaran tagogi. Ya gama na gidan duka a yini ɗaya, amma tagar da take kallon madafa, inda Taimane take kankare gwaza, ta ƙi gyaruwa kwana da kwanaki, har Gwaggo ta tambaye shi ko tagar ce ba ta da lafiya ko shi. Bara aka ɗaura aurensu, aka ci aka sha, aka yi rawa. Ba su gama sanin juna ba shago ya kira ta, ta dawo Auckland ita kaɗai, shi kuma ya zauna jiran biza.

Misis Naidu, matar da take haɗa wa mutane takardun biza a saman kantin magani, ita ta faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana. Ofishin shige da fice yana son ya ga cewa wadda za ta ɗauki nauyin miji tana da abin riƙe shi. Ta tambaye ta inda take aiki, Taimane ta ce shagon Baba, tun ranar da ta gama makaranta, tun kafin Mama ta rasu. Ta tambaye ta takardar albashi, Taimane ta ce babu.

“To 'yata, a idon takarda ke zaman kashe wando kike yi,” in ji Misis Naidu.

Yarinyar da take tashi da asuba tana kwaɓa buhun fulawa ke nan fa.

Ta maimaita wa Baba wannan duka a gaban kaskon. Ya saurara yana hura hanci, ya ce,

“Arziki suke son gani? Akwai tabarmar da muka gada a ƙarƙashin gadona, saƙar kakarki, wadda ko sarki aka shimfiɗa wa sai ya yi godiya. A ɗauka a kai musu.”

“Peniamina.”

Daga teburin lungu muryar ta fito. Gwaggo Sesilia ce, yayar Baba, wadda take zuwa kowace safiya ta sha koko, abin shan cakulan na Samoa, ta ci panikeke ba ta taɓa biyan ko sisi ba, kuma ba wanda ya taɓa tsammanin za ta biya. A wurinmu namiji ba ya sa-in-sa da 'yar'uwarsa mace, ko da kuwa shi ne mai sarautar dangi. Baba yana da sarautar, Gwaggo kuma tana da Baba.

“Tabarma za ta cika masa ciki idan ya zo? Turawan nan ba su san tabarma ba, takarda suka sani. Ka biya yarinya.”

“Yaya, ai abin kunya ne a ji...”

“Abin kunya shi ne 'yarka da aure tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Ni jikoki nake so in goya kafin gwiwoyin nan su gama mutuwa. Ƙaro mini koko.”

Baba ya ƙaro mata koko. Magana ta ƙare ke nan.

Da yamma Taimane ta jingina wayarta a jikin robar sukari ta kira Lafaele. Fuskarsa ta cika gilashin, da garin katako a gashinsa, zakaru suna cara a bayansa.

“Ya yarda?”

“Gwaggo ta yardar masa.”

Ya yi dariya har wayar ta karkace. “To daga yau na zama ɗan riƙo. Ranki ya daɗe uwar ɗakina, a riƙa tunawa da mu talakawa.”

“Ka ci gaba da tsokana, in fasa ɗaukar nauyin naka.”

“Nauyin nawa ma ya ragu, Tai. Tun da kika tafi abinci ba ya mini daɗi.”

“Ƙarya kake, ga kumatunka nan.”

“Kumburin kewa ne, zuciyata.”

Ta rufe baki tana dariya don kada Baba ya ji daga gaba. Ranar ta yi barci mai daɗi.

Aka fara. Mai yi wa shagon lissafin haraji ya shigar da sunanta, kowace Juma'a albashi ya faɗa asusunta, wayarta ta yi ƙara. Ita kuma Taimane, 'yar halak, tana jin ƙarar sai ta wanke hannu ta tura kuɗin gaba ɗaya asusun Baba. Ba wanda ya sa ta. Haka ta ga kowa yana yi, yayyenta maza da ke aiki a Sydney ma haka suka yi kafin su yi aure: ɗan kirki albashinsa hannun iyaye yake kaiwa, su su san abin da za su tsakura masa. Baba ya ga kuɗi sun fita sun dawo lafiya lau, ya ce ashe abin ba wuya, da ya sani da tuni an yi. Har fara kiranta ya yi da “ma'aikaciya” yana murmushi. Uba ya huta, 'ya ta huta, kowa yana ganin ya yi dabara.

Da watanni suka taru, suka shirya zuwa wurin Misis Naidu. Baba ya ɗaura zanensa na zuwa coci irin na mazan Samoa, ya sa kwat, ya riƙo kwalin burodin kwakwa mai zafi don godiya. Misis Naidu ta karɓa da fara'a, ta duba takardun albashi tana gyaɗa kai. Da ta zo kan bayanin banki sai ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

“Taimane, ina kuɗin?”

“Suna wurin Baba.”

“Duka?”

“Duka mana,” Baba ya amsa da alfahari. “Ko sisi ba ta taɓa ɓoye mini ba. Tarbiyyar uwarta ce.”

Misis Naidu ta dafe goshi. “Malam Peniamina, kuɗin nan ko zama ba sa yi su sha ruwa. Da safe su fito daga wurinka, kafin rana ta take sun koma wurinka. Jami'in da zai duba wannan cewa zai yi albashin bogi ne, kun haɗa baki. In kuwa suka shafa wa mutum tambarin ƙarya, wanke shi aiki ne. Ni dai ba zan tura wannan ba.”

“To yaya za a yi?” in ji Taimane.

“A sake sabon lale. Kuɗi su shiga, su zauna. Ki ci, ki sha, ki sa mai a mota, ki tara saura, a ga cewa naki ne kuma za su riƙe mutum biyu. Kada wani babban kuɗi ya fita sai an ba da biza. Kin ji ni?”

Ta ji. Duk watannin nan sun tafi a banza.

A mota ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka mai isarta. Baba yana gefe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

“Wace irin ƙasa ce wannan,” ya ce can ƙasa-ƙasa, “da ladabi ya zama laifi?”

Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya gyara murya.

“Daga yau, in na ga sisinki a asusuna, na kore ki daga aiki.”

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kukan, har majina ta so ba ta kunya.

Ashe riƙewar ta fi bayarwar wuya. Juma'ar farko wayarta ta yi ƙara, yatsanta ya kama hanyar da ya saba, sai da Baba ya buga matsami a bakin kasko ta farga. Ta yini tana jin kamar ta yi sata. Gwangwanin biskit ma Baba ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa, ya ce mai albashi ba ta da rabo a ciki, ta je ta ci guminta. Da ta shiga kanti da katinta ta rasa me ake saya da kuɗin kai, ta zaga ta zaga, ta fito da rigar sanyi ta maza, mai kauri, shuɗiya.

Ta nuna wa Lafaele a waya. Ya ƙura wa rigar ido, babu tsokanar da ya saba.

“Ba ta yi maka ba?”

“Ta yi. Ba a taɓa saya mini abu don ana jirana ba, Tai.”

“To ka zo ka sa, kafin in ba wani.”

“Wanin ya zo ya gwada, ya ga yadda ake buga ƙusa.”

A hankali kuɗi suka fara kwanciya a asusun. Misis Naidu ta duba ta ce yanzu aka yi magana, ta tura takardu, ta ce sai haƙuri, kuma ofishin yana iya neman sabon bayanin banki kowane lokaci, don haka a bar kuɗin inda suke.

Sai ga maganar zauren coci ta taso.

Zauren nan Mama Losa ce ta fara tara masa kuɗi da ƙungiyar mata, da sayar da abinci a kasuwar Asabar. Ta rasu an kai gini linta. Yanzu saura rufi, kuma an yanke cewa sunanta za a sa wa zauren. Aka sa ranar Lahadin alkawari, wadda magatakarda yake kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi abin da zai bayar a gaban jama'a, ya kawo cikin mako. Da can Taimane a ƙarƙashin sunan Baba take. Amma yanzu matar aure ce, ga shi Gwaggo Sesilia ta bi gida-gida tana shelar cewa 'yar ƙaninta albashi take ɗauka, har tari take yi a banki. Aka ware mata sunanta daban. Matan coci suka fara tare ta a bakin ƙofa suna murmushi.

“'Yar Losa, bana ke za ki rufe mana zauren nan ko?”

Kowa ya san abin da ake nufi. 'Yar Losa ba za ta miƙe ta faɗi ɗan abin da ake ba yara ba. Abin da ta tara ake so, in ma da hali har da ƙari. Baba kansa ya manta da gargaɗin Misis Naidu, ko kuma ya sa kansa mantawa, yana ta walwala a shago.

“Bana sau biyu za a kira gidan nan,” yake faɗa wa masu sayen panikeke.

Taimane ta rasa abin da yake mata daɗi. In ta bayar, asusu ya koma fayau, a ce ba ta da abin riƙe miji, a sake komawa farko. In ta hana, ta kunyata Baba a gaban coci, a kan ginin da yake ɗauke da sunan mahaifiyarta. Ta rame a tsaye, burodi ya fara ƙonewa a hannunta.

Ranar Asabar bayan an rufe shago tana baya tana wanke farantai, ta ji Gwaggo ta ja kujera.

“Peniamina, zauna. Ni na yi surutun nan, na sani, bakina ne, ba yau ya fara ba. Amma kai uba ne, kai za ka gyara.”

“Me ya lalace da za a gyara, Yaya?”

“Ka dubi yarinyar nan da kyau kwanan nan? In ta ba da kuɗin nan gobe, mijinta ba zai zo bana ba.”

“Sunan Losa ne a kan zauren.”

“Losa ɗin da ka bari a ƙauye tana jira? Kana nan kana aikin masana'anta, duk abin da ka samu Babanmu ya ce a turo, yau jana'iza, gobe biki, jibi ginin coci. Ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ni na san kukan da ta sha. Ranar da ka samu ka kawo su, Taimane har ta iya gudu. Ka miƙa mata hannu a filin jirgi ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayan uwarta, ba ta san ka ba. Ko ka manta?”

Ruwan famfo ne kawai yake zuba a kan hannun Taimane.

“Shekarun nan wa ya biya ka su?” in ji Gwaggo. “Ga ta can a kwance a maƙabarta, je ka karɓo.”

Taimane ta ji an ja kujera, ta ji ƙofar gaba ta buɗe ta rufe. Da aka zo addu'ar yamma a gida Baba bai ɗaga ido ya dube ta ba. Tausayinsa ya kama ta. Ta ga furfurarsa, ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, ta ce a ranta ba za ta iya ba. Za ta bayar.

Ta kira Lafaele ta faɗa masa, tana jiran ya yi faɗa. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

“Mahaifiyarki ce, Tai. Ki bayar.”

“Za a ƙara watanni fa... wataƙila har baɗi.”

“To me? Ruɓewa zan yi? Ina nan.” Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. “Akwatin da na haɗa dai ba zan kwance ba. Na saba, in ciro riga in sa, in wanke in mayar.”

“Ka yafe mini, masoyina.”

“Ke dai ki yi kyau gobe. Ki sa farar hular nan mai fure.”

Lahadi coci ya cika maƙil, kowa cikin fararen kaya, mafitai suna ta kaɗawa. Aka yi waƙa, fasto ya yi wa'azi gajere don ya san ba shi aka zo ji ba. Magatakarda ya hau da littafinsa ya fara kira. Gida ya miƙe ya faɗi nasa, a yi tafi, mata su kalli juna ta ƙarƙashin hula suna auna wa ya fi wa. Aka kira Baba, ya faɗi nasa, mai tsoka, aka yi tafi sosai.

“Taimane, matar Lafaele, 'yar marigayiya Losa.”

Wuyoyi suka juyo. Ta miƙe, ta buɗe baki.

“Zauna, Taimane.”

Baba ne. Ya sake miƙewa, ya gyara ɗaurin zanensa, ya rusuna wa fasto da dattawa kamar yadda ake yi, ya nemi izinin magana. Aka ba shi, don ba a hana mai sarauta.

“Taimane ba ta da ko sisi bana,” ya ce. “Ba rowa ta yi ba. Ta zo da niyyar ta juye duk abin da ta mallaka, na gani a fuskarta. Ni na hana.”

Guna-guni ya tashi. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce “Ikon Allah” da ƙarfin da kowa ya ji. Taimane ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ba don kanta ba, don shi. Mutumin da bai taɓa bari an fi shi a coci ba, yau shi ne yake tsaye yana cewa gidansa babu.

“Kuɗinta suna da aiki,” Baba ya ci gaba. “Mijinta za su kawo. Da yawanku kun san Losa a ƙauye, kun san jiran da ta yi mini. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ranar da jikinta ya yi tsanani ta riƙe hannuna ta ce, da ma mun fi haka daɗewa tare.” “In na rufe zaurenta da hawayen 'yarta, ban san da wane ido zan dube ta ba. Wanda zai yi magana ya yi da ni, ga ni.”

Ba wanda ya motsa. Mafitai ma sun tsaya. Taimane tana zaune hawaye suna sauka a kan farar rigarta, ba ta ko share ba.

Sai Baba ya ja numfashi, ya dubi magatakarda.

“Amma kada a ce ta tashi hannu rabbana. Mijin nan nata kafinta ne, kuma na ga aikinsa, in dai ba taga aka ba shi ba yana da sauri. Ranar da ya sauka, shi zai hau ya buga rufin nan da hannunsa, kyauta. Wannan shi ne alkawarin Taimane.”

Gwaggo Sesilia ce ta fara fashewa da dariya, irin tata mai girgiza benci. Tsohuwar layin gaba ta kama, sai coci ya ɗauka gaba ɗaya, masu dariya suna share ido. Magatakarda ya tsaya da alƙalami a sama yana kallon fasto, bai san me zai rubuta ba.

“Rubuta mana,” in ji fasto. “Taimane, kafinta ɗaya.”

Tafin da aka yi ya fi na kowa a ranar.

A waje ta iske Baba a jikin mota. Ta durƙusa a gabansa a kan kwalta, da fararen kayanta, ta kasa cewa komai sai “Baba... Baba...”

“Tashi, kina ɓata riga. Kuma gobe kada ki makara, ba a biyan mai makara.”

Da ta ba Lafaele labari ya riƙe kai da hannu biyu.

“Wato an yi sadaka da ni tun ban iso ba?”

“An rubuta a littafi ma.”

“Rufin babba ne?”

“Ƙato.”

“Tai, gaya wa Baba ko cocin duka yake so a sake, zan sake.” Ya juyar da fuska gefe yana goge ido da bayan hannu, wai garin katako ne.

Ofishin kuwa ya nemi sabon bayanin banki, kamar yadda Misis Naidu ta yi hasashe. Aka tura, kuɗi suna nan kwance ba abin da ya taɓa su. Wata safiya ana tsakiyar ciniki wayar Taimane ta yi ƙara, ta ɗauka da hannu duk kwaɓi, ta saurara, sai ta zauna daɓas a kan buhun fulawa. Baba ya dube ta, ta gyaɗa kai: biza ta fito. Ranar duk wanda yake kan layi kyauta ya ci panikeke.

Rabin coci ne suka je filin jirgi, da sarƙoƙin alewa da na fure na rataya wa baƙo a wuya. Jirgin Apia, babban birnin Samoa, ya sauka, mutane suka yi ta fitowa da kwalaye ɗaure da igiya. Taimane ta yi ɗage har ƙafafunta suka gaji. Can sai ga shi, ya rame kaɗan, yana tura kaya, idanunsa suna yawo cikin taron. Suka haɗa ido. Ta ga ƙirjinsa ya ɗaga.

Amma ɗan gidan mutunci ne, ya san abin da ya kamata. Ya kawar da kai daga kanta da ƙyar, ya nufi Baba kai tsaye, ya rusuna ƙasa sosai, ya fara jero gaisuwar girmamawa da godiya.

Baba ya katse shi.

“Ka yi ɓatan ƙofa, yaro. Ba ni na kawo ka ba.” Ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi, ya juya shi. “Ga wadda ta ɗauki nauyinka can. Sunanta ne, guminta ne. Je ka gaishe ta.”

A wurinmu mace ba ta ko riƙe hannun mijinta a gaban mahaifinta. Taimane ta tsaya cak, Lafaele ya tsaya cak, taku biyu a tsakaninsu, kowa yana jin kunya. Baba ya dube su, ya yi tsaki, ya juya musu baya, ya ƙura wa allon jirage ido kamar akwai wani da yake jira. Ya ja hannun Gwaggo ita ma ta juya. Dattawan coci suka ga haka, su ma suka juya ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta san lokacin da ta isa jikinsa ba.

“Na iso, Tai,” ya raɗa mata.

“Ka daɗe,” ta ce, fuskarta a ƙirjinsa. “Ka daɗe ƙwarai.”

Kafaɗun Baba suna ta rawa a gaban allon. Da ya ga an jima ya yunƙura zai waiga, Gwaggo ta riƙe masa hannu gam.

“Kada ka juyo tukuna,” ta ce. “Ba su gama ba.”